DAGA GADAR AJAME ZUWA HAƘORIN MAN: BAHAUSHE DA TSORON BISA

Bahaushe mutumin fili ne. Daga Tawa zuwa Maraɗi, daga Katsina zuwa Haɗeja, mutum sai ya yini yana tafiya bai hau abin da ya fi jigawa tudu ba, in kuwa ya ɗaga kai, abin da zai gani shi ne rimi ko kuka ko giginya. Duwatsun da muke da su ƙididdigaggu ne, shi ya sa kowannensu ya yi suna, wani har ya shiga karin magana. Dala ta Kano, wadda ake cewa hangenta ba shiga birni ba ne, mita 534 ce in an auna daga bakin teku, amma da yake shi kansa birnin a kan tudu yake zaune, abin da mai hawa zai taka bai wuce wasu 'yan gomomin mita ba, ga kuma matakala an yi masa. Akwai Kufena a Zariya, akwai Kwatarkwashi a Zamfara inda a da samari kan hau don kamun maiki lokacin bikin shekara, akwai kuma tsaunukan Adar da na Dogon Dutsi waɗanda 'yan'uwanmu na Nijar suka sani. Hasumiyar masallacin Agadas, mai mita 27, ta daɗe tana cikin gine-gine mafi tsawo da fatakenmu suka taɓa sa wa ido.

To, sai ga shi neman abinci ya kawo mu Abijan, garin da rabinsa ruwa ne rabinsa bene. Iyayenmu da suka fara sauka Tireshbil zamanin mulkin Faransa sun tarar da gada mai shawagi a kan ruwa wadda aka kafa a 1931, kafin a buɗe gadar Houphouët-Boigny a 1957, mai hawa biyu, motoci a sama, jirgin ƙasa a ƙarƙashi. Gadar De Gaulle ta biyo baya a 1967. Aka daɗe a kan waɗannan biyun, sa'an nan aka buɗe ta uku mai kuɗin fito a 2014, aka ƙara ta Kokodi mai igiyoyin ƙarfe a 2023, da wadda ta haɗa Yofugon da ɓangaren Ajame a farkon 2024. A Filato kuwa, bayan dogayen benayen ma'aikatun gwamnati da muka saba gani, ga Tour F ta tashi, wadda aka tsara za ta haura mita 400 in an haɗa da tsinin kanta. Wato garin kullum sama yake ƙara yi, alhali mu da ƙafafun mutanen fili muka zo.

Wanda ke cikin gbaka ko woro-woro ba ya lura da wannan, domin kuwa hira da cunkoso sun ishe shi. Sai ran da aka ce ya taka da ƙafa. Mun san dattawa, ku ma masu karatu kun san su, waɗanda suka shekara talatin a Ajame ba su taɓa hawa gadar ƙafa ba, wadda a nan ake ce wa fasarel. In ka tambaya, sai a ce gwiwa ce, ko a ce sauri ake yi. Ba mai fitowa fili ya ce da zarar ya kai tsakiya ya ga motoci suna wucewa ta ƙarƙashinsa, ƙafafunsa mutuwa suke yi. Mu kam ko cikakken suna ba mu ba abin ba. Wani ya ce jiri, wani ya ce hajijiya, wani ya ce juwa, kowa dai yana gudun kada a ce masa matsoraci. Wannan ne ya sa, da matasan unguwarmu suka haɗa kuɗi don zuwa yawon buɗe ido a Man cikin watan Janairu, muka ce da mu za a tafi, mu ga yadda mutanen fili za su yi a ƙasar duwatsu.

Mu goma sha huɗu ne, galibi samari masu sayar da garba da 'yan kasuwar wayar hannu, sai dattawa uku da mata biyu. Muka tashi daga tashar Ajame bayan sallar Asuba. Babbar hanyar arewa ta kai mu Yamusukuro, kilomita wajen 230, inda muka hangi ƙubbar babban cocin nan da aka keɓe a 1990, mai tsawon mita 158. Daga nan muka karkata yamma, muka bi Buwafile da Dalowa, muka ƙetare kogin Sasandira a Gesabo, muka wuce Duwekuwe. Sai bayan Bangolo ƙasa ta fara sake kama, tuddai suka soma tasowa dama da hagu, kowanne sanye da kurmi har wuya. Tafiyar duka kusan kilomita 580 ce, ba mu shiga Man ba sai gab da Magariba.

Man ita ce hedkwatar yankin Tonkpi, kuma ana yi mata kirari da garin duwatsu goma sha takwas. Ƙasar Yakuba ce, waɗanda su ke kiran kansu Dan, sai Tura a arewacinsu, ga Jula a kasuwa kamar ko'ina. Garin ya sha wuya a yaƙin da ya ɓarke a 2002, lokacin da 'yan tawaye suka kama shi cikin watan Nuwamba, kuma baƙi masu yawon buɗe ido ba su dawo sosai ba sai bayan 2011. Mu dai ba baƙi ba ne a wannan yankin, don goro ya daɗe da kai Bahaushe duk inda itacensa yake, tun zamanin ayarin Gwanja da Bonduku har zuwa yau da ake ɗaure huhu a Anyama. A gidan wani ɗan'uwanmu mai fataucin goro muka sauka, ya yanka mana kaji, ya kuma yi ta mamakin yadda mutum mai hankali zai biya kuɗin mota tun daga Abijan don kawai ya hau dutse. Ya ce shekararsa ashirin da biyu yana kallon dutsen nan daga ƙofar gidansa, bai taɓa jin ya bar wani abu a kansa da zai je ɗaukowa ba.

Dutsen da yake nufi shi ne Dent de Man, wato Haƙorin Man, mai mita 881. Ba shi ne mafi tsawo ba. Tonkuwi, inda aka kafa eriyar talabijin, ya kusa mita 1,200, kuma mota tana hawa har samansa. Nimba kuwa, can kan iyakar Gine da Laberiya, mita 1,752 ne, babu wanda ya kai shi a duk Kodibuwa. Amma Haƙorin ne ke kama ido, saboda ya fito tsirara daga cikin kurmi, baƙin dutse mai santsi, kamar haƙorin tsoho guda da ya rage a dasashi.

Da sassafe muka ɗauki jagora, wani saurayi Bayakube, a ƙauyen da ke gindin dutsen, bayan an gai da manyan gari an ba da abin goro. Sa'a guda ta farko tafiya ce mai daɗi, cikin gonakin koko da kofi da rogo, nan da can ga itacen goro, wanda da yawa cikin samarinmu ba su taɓa gani ba duk da cewa da kuɗinsa aka yi wa wasunsu suna. Daga nan hanya ta miƙe tsaye, aka shiga kama saiwa da reshe ana jan jiki, hira ta ragu, sai haki. Wannan duk gajiya ce kawai, kuma Bahaushe bai tsoron gajiya. Inda magana ta canja shi ne wurin da itatuwa suka ƙare, aka fito kan dutse tsagwaro, hagu ba komai sai iska, ga rufin kwanon gidajen Man can ƙasa kamar an watsa kwalaben wasan yara.

A nan ne wani dattijonmu ya zauna. Mutumin Adar ne, ya yi shekaru yana rakiyar albasa daga Galmi zuwa Abijan, a saman buhuna yake kwana motar tana gudu, kuma a ƙuruciyarsa ya yi yasar rijiya mai gaba talatin, igiya ɗaya a ƙugu. Ba a taɓa jin an ce ya ja da baya a kan wani abu ba. Amma ga shi ya manna bayansa da dutse, ya baza tafukan hannu biyu, gumi yana zuba duk da sanyin hunturu, ya kasa gaba ya kasa baya.

Samari suka fara dariya. Ɗaya ya ce, "Haba Baba, kai da ke hawa kan gingimari? Yau ga ranar da za mu ba da labari a Ajame." Sai babban cikinmu, wani Alhaji mai sayar da yadi a Tireshbil, ya daka masa tsawa: "Kai yaro, rufe mana baki. Ubanka ne a zaune, ba abokin wasanka ba." Ya matsa kusa da mutumin ya ce, "Malam, kada ka dubi gari. Dubi hannuna." Jagoran ma ya dawo, ya durƙusa a tsakanin dattijon da bakin dutsen ya tare masa sarari da jikinsa, yana ta faɗin "doni doni", wato sannu sannu da Julanci. Bai ja shi ba, bai ce masa ba komai ba ne. Bayan kamar minti goma numfashin mutumin ya daidaita, aka ja da shi baya da zaune har inuwar itace ta farko. Mutum huɗu suka ce su ma nan za su tsaya su taya shi zama, cikinsu har da wanda ya fara dariyar.

Mu tara muka ƙarasa, wani wuri da ƙafa, wani wuri da rarrafe, kuma kada wani ya gaya muku cikinmu akwai wanda cikinsa bai ɗuri ruwa ba. A can sama hazo ya rufe nesa, ba mu ga abin da ake cewa ana gani ba in sararin sama ya washe, sai duwatsu na kusa suna leƙowa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya miƙe tsaye a baki don ɗaukar hoto, ko da yake a mota kowa ya yi alkawarin zai yi. Saukowa kuma ta fi hawa wuya nesa ba kusa ba, domin mai hawa dutse yake kallo, mai sauka kuwa dole ya fuskanci sararin da ya ba baya.

Abin da ya sami dattijon nan ba ragwanci ba ne, ba kuma iskokin dutse ba ne kamar yadda wata cikin matan ta fara raɗawa. Likitoci sun ce da abu uku mutum yake tsayuwa: ido, da wani ɗan ma'auni da Allah ya ajiye can cikin kunne, da abin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke ji. Ko kana tsaye cik, jikinka yana ɗan rangaji wanda ba ka sani ba, ido ne ke duban bango ko itace ko ƙasar da ke kusa, ya gaya wa jiki ya gyara. A bakin dutse kuwa duk abin da ke gaban ido ya yi nisa, ido ya rasa abin kamawa, kunne da ƙafa suna faɗin magana ɗaya, shi yana faɗin wata, sai rangajin ya ƙaru, zuciya ta ɗauka faɗuwa za a yi. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Jamus, Thomas Brandt, da abokan aikinsa sun nuna tun 1980 cewa abin yana ƙaruwa ne har wajen mita 20, daga nan ba ya ƙara wani yawa, kuma ya fi tsanani in mutum yana tsaye, ya ragu in ya durƙusa ko ya zauna, ya kusa ɓacewa in ya kwanta. Ashe ke nan a cikin rijiya bango yana kusa da hancin mai yasa, a kan mota buhu yana ƙarƙashin hannunsa, shi ya sa ba su taɓa damun mutuminmu ba. Abin da Alhaji da jagoran suka yi kuwa, na ba idonsa wani abu na kusa ya riƙe, shi ne daidai abin da likita zai ce a yi, ko da yake ba wanda ya karanta shi a takarda cikinsu.

Kuma abin ba na mutum ɗaya ba ne. Wani bincike da aka buga a Jamus a 2013 ya sami kashi 28 cikin 100 na manya suna jin wannan damuwa in sun hau bisa, wato fiye da mutum ɗaya cikin huɗu, ko da yake waɗanda abin ya zame musu ciwo sosai, har ya hana su harkokinsu, ba su wuce kamar ɗaya cikin ashirin ba. Tun a 1960 ma wasu masana biyu a jami'ar Cornell ta Amurka, Eleanor Gibson da Richard Walk, sun ɗora jarirai masu rarrafe a kan tebur na gilashi mai kauri, rabinsa an shimfiɗa zane dab da gilashin, rabin kuwa zanen yana can ƙasa kamar rami. Uwa ta tsaya a ɓangaren ramin tana kira, amma yawancin yaran suka ƙi zuwa, ko da yake hannunsu yana jin gilashin. Da aka gwada 'ya'yan awaki da na tumaki masu kwana ɗaya a duniya, su ma suka toge. In ɗan akuya, wanda uwarsa ke yawo a kan katanga, ya san ya ja da baya, to ba abin kunya ba ne ga ɗan Adam.

Da dare a masauki samari suka fito da wayoyinsu, suna nuna wa maigidan hotunan wuraren da suka ce Haƙorin Man wasan yara ne a kansu. Akwai dutsen Huwashan a ƙasar Sin, kusa da birnin Shiyan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,155. A jikin bangonsa an kafa ƙarafa an shimfiɗa allunan katako masu faɗin kamar santimita 30, ga sarƙa a jikin dutse ta riƙewa, ƙarƙashi kuwa sai gajimare. An ce masu bautar addinin Tawo ne suka fara yin hanyar wajen shekara 700 da suka wuce don neman wurin halwa, kuma ta inda aka shiga ta nan ake fita, saboda haka dole mai zuwa da mai dawowa su gifta juna a kan wannan ɗan katakon. Akwai kuma Caminito del Rey, wato 'Yar Hanyar Sarki, a lardin Malaga na ƙasar Sifen, wadda aka gina tsakanin 1901 da 1905 don ma'aikatan tashar lantarki, faɗinta mita ɗaya, tana liƙe a jikin kwazazzabo wajen mita 100 bisa kogi. Sarki Alfonso na 13 ya bi ta a 1921, daga nan ta sami suna. Da ta tsufa, simintin ya zube wuri-wuri, mutum biyar suka mutu a 1999 da 2000, hukuma ta rufe ta, ba a sake buɗewa ba sai 2015 bayan an yi sabuwa a bisa tsohuwar. Wani cikinmu da ya yi zama a Gana ya ce shi ma ya bi ta dajin Kakum, kusa da Kef Kos, gadoji bakwai na igiya da aka rataya a kan itatuwa tun 1995, tsawonsu duka mita 350.

Muka bar su suka gama zumuɗi, sa'an nan muka ce su sake duban hotunan da kyau. A Huwashan kowa yana da ɗamara a ƙirji mai ƙugiya maƙale da igiyar ƙarfe. A Sifen kowa da hular kwano, ga shinge, ga ma'aikata suna ƙidaya masu shiga. A Kakum raga ce ta kai wa mutum ƙirji dama da hagu. Wuraren nan da suka fi tsinka zuciya a hoto, an ɗaure su tamau, tsoron kawai ake sayar wa mutane. Mu kuwa da safiyar nan mun taka dutse mai santsi ba igiya ba shinge, biyu cikinmu da silifa a ƙafa, kuma da an yi yayyafi da labarin ya zama wani. A ganinmu, ido ba alƙali ba ne mai adalci a sha'anin haɗari. Yana firgita da abin da ya yi zurfi, ya raina abin da ya saba gani.

Kashegari muka nufi Danane, kilomita wajen 80 yamma da Man, daga nan muka gangara kudu zuwa ƙauyen Lieupleu don ganin gadar igiya da ke kan kogin Kabali. Wannan ita ce abin da ya fi tsaya mana a rai a duk tafiyar. Babu ƙusa ko ƙarfe ko guda a jikinta. Igiyoyin kurmi ne, irin tsiron nan mai yaɗo da ke naɗe manyan itatuwa, aka murɗa aka saƙa, aka rataya a rassan itatuwan gaɓa biyu. Wurin taka ƙafa dami ɗaya ne na igiya wanda bai fi faɗin sawu ba, sai saƙa ta tashi dama da hagu kamar bakin kwando, mutum ya riƙa. Mutanen garin sun ce a dare ɗaya ake yin ta, waɗanda aka tsarma cikin asirin ne kaɗai ke zuwa wurin, kuma a faɗarsu da taimakon iskokin kurmi ake aikin; gari ya waye a ga sabuwa. Mu Musulmi ne, mun san abin da muka yi imani da shi, amma baƙo ba ya gyara wa maigida shimfiɗa. Da aka ce doka ce a tuɓe takalmi kafin a hau, muka tuɓe. Ko ba don al'ada ba ma, ƙafa tsirara ta fi kama igiya, kuma takalmi mai ƙarfi zai cinye ta.

Gadar ba ta da wani tsawo daga ruwa in an gwada da dutsen jiya, amma tana lilo, kowane taku naka yana girgiza na bayanka, ga ruwa yana gudu a ƙarƙashi yana jan ido, har ka ga kamar gadar ce ke tafiya. Ba wanda bai tuna da siraɗi ba, wasu ma da ƙarfi suka yi ta salati. Muna cikin wannan hali, rabinmu a bakin gaɓa ana ta "kai fara, a'a kai dai fara", sai ga wata mata 'yar garin ta taho daga gona, kwando cike da rogo a ka, goyo a baya, ta gaishe mu, ta haye kamar mai ratsa tsakar gidanta, ko saƙar ba ta riƙe da hannu biyu ba. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne dattijon Adar. Ya tsaya ya daɗe yana kallon yadda aka ƙulla igiyoyin, ya ja ɗaya ya ji ƙarfinta, ya ce, "Wannan kam na san ta, igiya ce." Ya tuɓe takalmi ya haye, idonsa a kan ƙeyar Alhaji da ke gabansa, bai tsaya ba sai da ya taka ƙasa. Saurayin da ya yi masa dariya ne ya zo na ƙarshe, dattijon ya miƙa masa hannu yana cewa, "Taho ɗana, kada ka dubi ruwa." Matar nan mai rogo ba jarumta ta fi mu ba, sabo ne, tun tana bayan uwarta ake ƙetarawa da ita. Likitoci ma da sabo suke maganin wanda abin ya yi wa yawa, a fara da ƙaramin tudu, a daɗe a kai har zuciya ta kwanta, sa'an nan a ƙara.

Sabo kuwa yana da nasa sharrin, kuma wannan magana ce ga samarinmu masu aikin gini a Kokodi da Yofugon da sauran unguwannin da benaye ke tashi kamar naman kaza bayan ruwa. Yaron da ya zo daga ƙauye yana rawar ƙafa a hawa na biyu, bayan wata shida za ka gan shi a hawa na shida yana tafiya a kan katako ɗaya da bokitin siminti, ba ɗamara ba hula, yana amsa waya. Jirin ya tafi, amma nisan ƙasa yana nan yadda yake. In mai aikin ya ba da ɗamara a ɗaura, in bai ba da ba a tambaya, kuma manyan da suka kawo yaran nan gari suka sama musu aikin, su ne ya kamata su fara tambaya.

Sai kuma dattawanmu da gadar ƙafa. Wanda ya tsaya a gefen babbar hanyar arewa, wajen Wiliyamsbil, ko a titin da kowa ya sani da VGE a ɓangaren Tireshbil, zai ga tsoho da carbi a hannu, ko tsohuwa da tire a ka, suna jiran motoci su ɗan tsagaita su ruga a guje su ƙetare, alhali ga gada ba nisa. Mun sani dalilan suna da yawa. Matakala tana wahalar da mai ciwon gwiwa da mai kaya, wasu gadojin 'yan tireda sun cinye rabinsu, da dare kuma akwai tsoron ɓata-gari, wannan duk gaskiya ne, kuma hakkin hukuma ne ta duba. Amma akwai waɗanda ba ko ɗaya cikin waɗannan, jirin nan ne kawai da kunyar faɗinsa. Gadar ba ta fi 'yan mitoci daga ƙasa ba, tana da shinge, ba ta lilo. Motar da ke tahowa a guje ita ce ba ta da shinge, kuma babu unguwar Hausawa a Abijan da ba a taɓa zaman makokin wanda mota ta kaɗe yana ƙetara titi ba. Ga shi kuma ana aikin layin jirgin cikin gari mai kilomita 37, daga Anyama ya bi ta Abobo da Ajame da Filato da Tireshbil har Por Buwe, wanda za a killace shi, a riƙa ƙetarawa ta gadoji. Hawan da ake gudu yau, gobe ba makawa sai an yi shi.

Abin da muka gani a Man shi za mu faɗa wa mai wannan damuwa. Ya bi tsakiyar gadar, kada ya raɓi baki. Ya sa idonsa a bayan wanda ke gabansa ko a kan daɓen da ke taku uku gaba, kada ya leƙa motoci, kada kuma ya rufe ido. In jiri ya taso ya tsaya ya riƙe ƙarfe, in ya cancanta ya durƙusa har ya wuce, ba wanda zai kama shi don ya durƙusa. Ya fara gwadawa da safiyar Lahadi lokacin da ba cunkoso, tare da wani nasa. Wanda kuwa jiri ke kama shi ko a ƙasa yake, ko a kwance in ya juya kai, wannan wata magana ce daban, ya je asibiti a duba masa kunne da hawan jini.

Ga shugabannin unguwanni da limamai kuma muna da roƙo guda, wanda ba ya cin ko dala. Ranar Juma'a, lokacin da jama'a ke kwararowa zuwa babban masallacin Ajame da masallatan Tireshbil, a sa samari biyu ko uku su tsaya a gindin gadojin da mutanenmu suka fi bi. Ba sai sun tambayi kowa ko yana jin tsoro ba. Su gai da tsoho, su karɓi buzunsa ko ledarsa, ɗaya ya shiga gaba, ɗaya ya bi ta gefen shinge, a hau ana hira. Samarin da suka je Man sun ce su za su fara, daga Juma'ar farko ta watan gobe.